Jakar takardun Kyauta

Akwai wata jakar leda shuɗiya mai zif da ba ta rabuwa da ni. Ranar da muka bar Khartum saboda yaƙi na bar gadona da kwanukana da keken ɗinkina, har 'yan kunnen zinaren da mahaifiyata ta bar mini na manta su a ƙasan akwati, amma wannan jakar na ɗaure ta a cikina da ɗankwali, na rufa tobe, mayafin matan Sudan, a kai. Takardun 'yata Kyauta ne a ciki. Wata tara na yi ina tara su, kuma a watannin nan babu takardar da ban yi wa tsaki ba. Mata da yawa suna tambayata, a nan Gadarif, gabashin Sudan, da kuma ta waya daga Najeriya da Nijar, yadda ake karɓar yaro riƙo daga hannun hukuma da abin da ake nema wurin miji da mata. Abin da ya same ni shi zan faɗa.

Ni Bahaushiya ce haifaffiyar Khartum. Iyayena a Ishash Fallata suka zauna kafin a tashi unguwar a mayar da mutane Inƙaz, kudancin birni, a can na yi wayo. Maigidana ɗan Mai Wurno ne, garin nan na bakin kogi kusa da Sinnar, inda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yada zango bayan Turawa sun kashe shi a Burmi a 1903. Sana'arsa agashe, tsiren da duk Sudan ta san Hausawa da shi. An ɗaura mana aure a 2004, kuma shekara goma sha ɗaya ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ba zan tsaya ba da labarin asibitoci da rubutun sha da sassaƙe ba, duk macen da ta jira haihuwa ta san hanyar. A shekara ta bakwai ya ƙara aure da yardata. Amarya ta yi shekara biyu ita ma shiru, ta nemi takardarta, ta yi wani auren, shekara ba ta zagayo ba ta haihu. Daga ranar aka daina yi mini wannan kallon, amma gidan ya ƙara nauyi, don yanzu kowa ya gane inda abin yake kuma babu mai iya furtawa.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sau biyu ana ba ni 'ya'yan dangi. Ta farko ɗiyar yayata ce, na karɓe ta da yaye, na yi shekara huɗu ina wanki da goyo, da ta isa aike uwarta ta ce tana buƙatar mai taya ta. Na biyu namiji ne, ubansa ya zo da rana tsaka ya ce zai kai shi karatun allo, ko rigunansa ban gama haɗawa ba. Ban ga laifinsu ba, 'ya'yansu ne. Amma a nan na gane zanen aro ba ya rufe katara.

Wata maƙwabciyata ce ta fara yi mini maganar Maigoma. Ita tana cikin matan da hukuma ke ba jarirai su riƙe na wucin gadi kafin a samu gidan dindindin, kuma na sha ganin jariri a bayanta yau, bayan wata uku wani daban. Maigoma unguwa ce a Khartum, a cikinta gidan jariran da aka tsinta yake a lokacin, an kafa shi tun 1961. 'Yan sanda ne ke kawo su, daga bakin masallaci, daga kwata, daga ƙofar asibiti. Binciken da aka yi da UNICEF a 2003 ya nuna ana yar da jarirai kusan 110 kowane wata a Khartum kaɗai, kuma kusan rabi ba sa kaiwa ga hannun mai taimako da rai. Bayan wannan ne aka fara fitar da yaran zuwa gidajen mutane, malamai kuma suka ba da fatawa a 2006 cewa hukuncin waɗannan yara hukuncin marayu ne. Maƙwabciyata ta ce da ni, "Ke kina kuka babu ɗa, su suna can babu uwa. Wa ya hana ki?"

Da dare na samu maigidana yana haɗa ƙuli da yaji a tsakar gida. Na ce, "Malam, ina so mu je Maigoma." Bai ɗago ba. Ya ce, "Ai haramun ne, kin sani." Na ce ban sani ba, mu tambaya. Ranar Juma'a ya tambayi limamin masallacinmu, ya dawo ya ce liman ya ce mu zo tare.

Abin da liman ya bayyana mana shi ne tushen duk sharuɗɗan da muka tarar daga baya, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. Ya ce abin da aka hana shi ne ka ɗauki ɗan wani ka laƙa masa sunanka, ka ce kai ka haife shi. Ya kawo labarin Zaidu ɗan Harisa, wanda ake kira Zaidu ɗan Muhammadu har ayoyin farkon Suratul Ahzab suka sauka, aka ce a kira su da sunan iyayensu, in ba a san iyayen ba to 'yan'uwa ne a addini. Riƙo kuwa, wanda a nan ake cewa kafala, ibada ne, kuma ya karanta mana hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka zai kasance da mai riƙon maraya a Aljanna. Ya ce abu uku ne riƙo ba ya canzawa: suna, da gado, da muharramaka. Sunan yaro nasa ne. Gado ba ya ci, sai dai a yi masa kyauta da rai ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Muharramaka kuwa nono ne kaɗai ke kawo ta, kuma sai kafin yaro ya cika shekara biyu. Maigidana ya yi shiru har muka kusa gida, sannan ya ce, "To ki je ki ji abin da suke nema."

Na je ofishin kula da jin daɗin jama'a a farkon 2015, ina zaton zan cike takarda ɗaya in dawo da jariri a goye. Ma'aikaciyar da aka haɗa ni da ita, wadda har yau Ustaza nake ce mata, ta zaunar da ni ta karanta mini abin da ake nema. Da sunan mace ake buɗe fayil, don ita ce mai raino. Sai ta kasance 'yar ƙasa, Musulma. Akwai shekarun da in ba ki kai ba ba a ba ki, akwai waɗanda in kin wuce ba a ba ki, ni da talatin da huɗu na faɗo a tsakiya. Miji sai ya zo da ƙafarsa ya ce ya yarda, ba saƙo ba, ba waya ba. In mace ba ta da miji, bazawara ce ko mijinta ya rasu, waliyyinta ne zai zo, don ba a rufe wa irinsu ƙofa ba. Sai ƙasima, wato takardar aure. Sai shaidar zama da ta kyawun hali daga kwamitin unguwa. Sai gwajin lafiya. Sai fish, wato a ɗauki zanen yatsunki a duba ko an taɓa kama ki da laifi. In kina da ƙaramin yaro sai ya wuce shekara biyu, kada a haɗa miki goyo biyu. Bayan duk wannan za su zo gida su gani da idonsu, a ƙarshe ki yi rantsuwa a rubuce.

Wani abu da ya ba ni mamaki, ba ta tambaye ni dalilin rashin haihuwata ba. Rashin haihuwa ba ya cikin sharuɗɗa, masu 'ya'ya biyar ma suna karɓa. Maigidana ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai kafin gwajin lafiya, yana tsoron za a tono abin da ya yi shekaru yana ɓoyewa. Jini kawai aka ɗiba, aka duba ƙirji, ana neman cututtukan da ake ɗauka, aka yi mana 'yan tambayoyi don a ga hankalinmu a kwance yake. Ranar da muka fito har shayi ya saya mini a bakin titi.

Sharaɗin da ya kusa karya ni shi ne na farko, wanda ga wasu ba komai ba ne: 'yar ƙasa. A Khartum aka haife ni, a Sudan aka haifi ubana, kabarin kakana yana Jazira inda ya yi noman auduga. Amma ban taɓa fitar da raƙam waɗani ba, lambar ɗan ƙasa, don mace mai ɗinki a cikin gida ba ta ga ranar da za ta buƙace ta ba. Da na je nema, ma'aikacin ya tambayi ƙabilata, na ce Hausa, sai ya ajiye alƙalami. Ya ce in kawo takardar ubana, in kawo wani namiji na ɓangaren uba ya tsaya mini. Macen da ke gabana a layi ba a yi mata ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyin ba. Wannan ciwo tsoho ne a wurinmu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa suke nan tun ƙarshen 1897, alhali da yawa daga cikin namu bayan Burmi suka taso, wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su. Dokar 1994 ta dawo da shekarar zuwa 1956, amma abin da ke kan takarda daban, abin da ke zuciyar mai riƙe da hatimi daban. Ubana ya rasu, tsohuwar jinsiyyarsa, wato takardar shaidar ɗan ƙasa, tana hannun baffana a Damazin. Tsoho mai ciwon gwiwa ya hau mota ya zo Khartum sau biyu saboda ni. Wata huɗu wannan takarda ɗaya ta ci. Har yau ina ganin sharaɗin daidai ne, don kada a ɗauki yaro a tsallaka iyaka da shi a rasa inda ya shiga. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce Bahaushiya sai ta tabbatar sau uku abin da wata ke tabbatarwa sau ɗaya.

Ƙasimarmu gara ta ci rabinta, sai da Malam ya koma wurin ma'azun da ya ɗaura auren aka samo kwafi. Kwamitin unguwa kuwa a yini ɗaya suka sa hannu, amma a yinin nan duk unguwa ta ji.

Maganar samu ta ba mu tsoro a banza. Mai agashe ba shi da takardar albashi. Ustaza ta tambaye shi kilo nawa yake sayarwa a dare, gidan namu ne ko haya, yara nawa ke aiki a ƙarƙashinsa, ni kuma nawa nake samu a ɗinki. Ya nuna mata lasisin sana'arsa da katin lafiyarsa. Ta ce, "Ba attajiri muke nema ba, Hajji. Muna so mu san yarinya za ta ci, za ta je asibiti, za ta je makaranta."

Sai zuwan gida. An ce mana cikin makon za su zo, ni kuma na ɗauka Litinin ce. Na aro kujeru da labule, har talabijin ɗin maƙwabciya na ɗauko na ɗora a kan tebur. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, ranar Laraba masu kaya suka karɓi kayansu. Alhamis da hantsi ina durƙushe ina yin kisra, wato gurasar dawa ta Sudan, hayaƙi ya cika mini ido, sai ga sallama. Ko kallon ɗakin baƙi ba ta yi ba. Ta buɗe randa ta leƙa, ta tambayi daga ina muke samun ruwa. Ta je bayan gida ta ga ramin masai ba shi da murfi, ta rubuta. Ta ga wuƙaƙen Malam da tsinkayen tsire a cikin kwando a ƙasa, ta rubuta. Ta nuna ɗakin zaure ta ce wa ke kwana a nan, na ce yaran shago ne guda biyu, samari. Ta ce in mace muke so, sai an sama musu wani wurin. Sannan ta fita ta shiga gidaje biyu na maƙwabta ba tare da ni ba.

Da ta dawo ta zauna a kan angareb, gadon nan na igiya, ta ce Malam ya ba mu wuri. Ta ce, "In Allah Ya ba ki naki na cikinki fa?" Na ce sai ta zama yaya. Ta ce, "In mijinki ya rasu, danginsa za su bar ki da ita a gidan nan?" Na yi shiru. Ta ce, "In wata rana uwar da ta haife ta ta bayyana da hujja fa?" Nan hawaye suka zubo mini. Na ce, "Ustaza, sau biyu ana ƙwace mini yara, shi ya sa na zo wurinku." Ta bar ni na yi kukana. Sannan ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru hukuma ce za ta duba abin da ya fi wa yarinya, kuma wadda ba za ta iya jin wannan ba gara ta tsaya tun yanzu. Na ji haushinta ranar har cikin raina. Yanzu na san ba ni ta zo yi wa aiki ba, yarinyar da ko ganinta ban yi ba ita take wakilta.

Tambayarta ta ƙarshe ita ce, "Uwar mijinki ta sani?" Ta sani. Da Malam ya je Mai Wurno ya gaya mata, cewa ta yi, "Zuri'armu daga Sakkwato aka san ta har nan. Ba za a kawo mini abin da ba a san asalinsa ba." Wannan sharaɗin ba ya cikin takardar ofis, amma ya fi su duka tsauri. Malam ya ce da ni mu ci gaba, Inna za ta sauko. Ban yarda za ta sauko ba.

A watan Janairun 2016 aka kira mu. Ɗaki ne dogo, gadajen ƙarfe a jere, masu raino suna ta kai da kawo da kwalaben madara, mace ɗaya yara da yawa, suna iyakar ƙoƙarinsu. Abin da ya dame ni shi ne shirun wurin. Aka miƙo mini yarinya 'yar wata huɗu, baƙa siririya, ƙeyarta babu gashi saboda kwanciya. Ba ta dube ni ba, fanka take kallo. Sunanta yana rubuce a takarda, suna huɗu a jere kamar na kowane ɗan Sudan, hukuma ce ta sa mata, kuma babu na Malam a ciki. Na yi rantsuwa, na sa hannu cewa ba zan canza mata suna ba, ba zan miƙa ta ga wani ba, ba zan yi tafiya da ita ko in tashi daga gidan ba sai na sanar, kuma ƙofata a buɗe take duk ranar da suka zo dubawa.

Sati uku yarinyar nan ba ta yi kuka ba. In yunwa ta kama ta sai ta tsotsi yatsu biyu ta juya kai gefe. Na kai ta asibiti, likita ta ce lafiyarta lau, ba ta saba ba ne in ta yi kuka a zo. Ta ce in yi ta goya ta, in yi ta yi mata magana. Haka na yi, ina ɗinki tana bayana, ina tuƙa tuwo tana bayana. Wani dare wajen ƙarfe biyu ta tsala ihun da ya tashi har maƙwabta. Malam ya zabura ya zauna a bakin gado yana ta faɗin alhamdu lillahi, ni kuma na rasa hannun da zan ɗauke ta da shi don rawa.

Saura nono. Tun kafin a ba mu ita na fara neman ruwan nono ya zo mini, don an ce macen da ba ta taɓa haihuwa ba ma yana iya zuwa mata. Likita ta rubuta mini magani, na sayi abin tatsa, dare da rana ina kai. Madidar hulba kuwa, wadda ake dama wa masu jego a nan, na sha har warinta ya kama zufata da kayan sawata. Wata biyu, abin da ya fito bai cika cokalin shayi ba. Wannan ya yi mini zafi fiye da yadda zan iya rubutawa, kamar jikina ya sake ce mini a'a karo na biyu.

Liman ya ce ba a rasa hanya ba. Tunda mace ce, wanda ake so ya zama muharraminta Malam ne. In ƙanwarsa ko yayarsa ta shayar da ita, ya zama kawunta. In matar ɗan'uwansa ce ta shayar, ya zama baffanta. Da namiji muka ɗauka, da 'yar'uwata za a nema, in zama innarsa. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ko sau ɗaya ya isa, amma dokar iyali ta Sudan sau biyar take ƙirgawa, kowanne daban kuma yarinya ta ƙoshi, don haka mu cika biyar mu huta. A duk dangin Malam mace ɗaya ce ke shayarwa a lokacin, autarsu, tana goyon namiji ɗan wata biyar. A Mai Wurno take, a cikin gidan Inna, don mijinta yana aikin gona a Gadarif.

Na sanar da Ustaza, muka hau motar Sinnar. Mijin auta ya ba da izini ta waya, don shi ma zai zama uba, kuma 'ya'yansa maza sun haramta gare ta har abada. Da muka shiga gidan na durƙusa na gaida Inna, ta amsa a taƙaice, ba ta kalli bayana ba. Auta kuwa ko mayafi ban cire ba ta kwance goyon ta ce, "Yaya, kawo ta nan." Yarinyar da ta saba da kwalba ta ƙi kama nono. Ta kau da kai, ta yi kuka, auta ta matsa mata a leɓe, ta sake ƙi. Sai bayan la'asar, da yunwa ta ci ƙarfinta, ta kama. Ina zaune ina kallon wata mace tana ba 'yata abin da na kasa ba ta, ina murna ina kishi lokaci guda.

Kwana uku muka yi. Inna tana ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, da carbinta, ta ba mu baya, ba ta ce uffan ba. A rana ta uku da safe ni da auta muka rikice a lissafi, ni ina cewa an yi biyar, ita tana cewa kamar huɗu. Sai muka ji murya daga rakuba: "Huɗu ne. Na daren jiya ba ta ƙoshi ba, barci ya ɗauke ta. Saura ɗaya." Muka dubi juna. Da aka cika na biyar ta ce, "Ku miƙo mini ita." Ta kwantar da ita a cinya, ta buɗe tafin hannunta ta duba, ta shafa ƙeyar nan da gashi ya fara tsirowa, ta tofa mata addu'a a ka. Ta ce, "Ta sha nonon 'yata, jikata ce, wanda ya ce ba haka ba ya zo ya same ni. Wannan ai Kyauta ce." Sunan da muke kiranta da shi ke nan har yau. Aka kira malamin unguwa da shaidu biyu aka rubuta shayarwar, wa ta shayar, matar wane ne, sau nawa, a wane wata. Wannan ma ta shiga jaka. Da muka koma Khartum Malam ya je kotu ya rubuta mata wasiyyar sulusin abin da ya mallaka.

Na san wata da ta bi gajeriyar hanya. Ta yi wata shida tana cusa tsumma a ciki, ta tafi wani gari, ta dawo da jariri da takardar haihuwa da sunan mijinta. Ba ta bi layi ba, ba a leƙa mata randa ba. Amma ranar da mijin ya rasu, 'yan'uwansa da suka daɗe da sani suka tashi maganar a zaman rabon gado, a gaban yaron, yana da shekara goma sha biyu. Ina roƙon duk mai karanta wannan kada ta yi haka, komai tsawon layin. Mu Kyauta tana da shekara shida wata yarinya ta ce mata 'yar Maigoma a wurin wasa. Ta zo ta tambaye ni. Na ɗora ta a cinya na ce eh, a can na same ki, wata tara ina neman izinin ɗauko ki, na buɗe jakar na nuna mata. Ta yi kwana biyu tana manne da ni ko bayan gida zan shiga, sannan ta koma wasanta.

Yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023. Mun yi wata guda a ƙarƙashin gado kafin mu samu motar Madani. A wani shinge a hanya aka sauke mu duka, wani mai bindiga ya karɓi takardu yana dubawa. Ya kalli sunan Malam, ya kalli sunan yarinya, ya ce, "Wannan ba 'yarku ba ce. Ina kuka samo ta?" Ya kama hannunta ya ja ta gefe. Na kwance ɗankwalin cikina a gaban maza, ban ko ji kunya ba, na zazzage jakar a kan murfin mota: takardar kafala da hatiminta, rantsuwata, lambar ƙasarta, lambar ƙasata da baffana ya sha wahala a kanta, har takardar shayarwa. Ya daɗe yana jujjuya su. Wani babba a cikinsu ya zo ya karanta ta kafalar, ya ce a sake ta. Sai da mota ta yi nisa na ga inda faratana suka shiga tafin hannuna.

Muna Madani muka ji abin da ya faru a Maigoma. Yaƙi ya hana yawancin masu raino isa wurin aiki, wuta ta ɗauke, madara ta yi ƙaranci, jarirai gommai suka rasu cikin makonni kaɗan. A watan Yuni ƙungiyar Red Cross ta fito da yara 280 da masu kula da su 70 zuwa Madani, da yaƙi ya iso Madani a Disamba aka sake kwashe su zuwa Kasala, mu kuma muka yi Gadarif wurin mijin auta. Na san gadajen nan, na san fankar nan. Na yi ta tunanin waɗanda ke kwance dama da hagu da Kyauta ranar da na ɗauke ta, da matan da suka fara tara takardu irin nawa suka gaji a ta uku ko ta huɗu suka bari.

Malam ya kafa tukubarsa a bakin kasuwa, ni ina ɗinki da keken haya. Da aka buɗe makarantu na kai Kyauta a rubuta ta. Shugabar makarantar ta duba takardu, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Ke mece ce a wurinta?" Na kai hannu zan buɗe zif, sai Kyauta ta riga ni. Ta ce, "Ummata ce, ita ta ɗauko ni. Baba kawuna ne, na sha nonon ƙanwarsa sau biyar, Inna ce ta ƙirga." Shugabar ta ce in ba ta kwafin takardar kafala, asalin in mayar jaka, kuma gobe yarinya ta zo da ƙarfe bakwai.